Zarto Mai Batir da Hannun Baban Nafisa

Assalamu alaikum. Sai da na ga maigidana ya ci tuwo da hannunsa na dama har ya suɗe yatsu, sannan zuciyata ta kwanta na zauna rubuta wannan labari. Wata biyar muka yi muna jinyar hannun nan. Na rubuta ne saboda mata irina masu auren masu sana'ar hannu, da mazan nasu idan za su ji, don yanzu a Maraɗi da wuya ka ga kafinta ko mai gyara da ba ya da injinan nan masu batir, kuma na lura yadda Baban Nafisa yake yi da nasa, haka sauran ma suke yi da nasu.

A unguwar Zariya muke zaune. Ni dawo nake yi, ina sayar wa masu dama fura. Shi kafinta ne, amma rabin abincin gidanmu daga saran itace yake fitowa, ko rage rassan dogon yaro da suka hau rufin mutane, ko yayyanka itacen da iska ta kayar. Shekara ashirin shi da abokinsa Malam Laminu suna aiki da wani tsohon injin zarto mai shan esansi, wato fetur. Idan aka tada shi a Zariya, sai na ce har 'yan Sabon Gari sun san Baban Nafisa ya fita aiki. Kullum ya dawo da warin hayaƙi a riga da ciwon kafaɗa saboda jan igiya.

Bara ya haɗa 'yan kuɗinsa ya sayi sababbi a wajen wani ɗan kasuwa mai kawo kaya daga waje. Guda uku ne a jaka ɗaya: zarto mai sarƙa, da injin huda katako da ɗaure bis, wato kusar nan ta murɗawa, da wani na goge ƙarfe, dukansu batir iri ɗaya suke ci. Ni na fi shi murna. Ba sayen esansi, ba warin da zan wanke, kuma injin ba nauyi, har ni ina ɗaga shi da hannu ɗaya.

Abu ɗaya ne ya dame shi. A gefen mariƙin zarton akwai wani ɗan maɓalli da sai ka danne shi da babban yatsa kafin kunamar da ke tada injin ta yarda ta matsu. Ya ce idan yana bisa itace abin yana gajiyar masa da yatsa. Wata safiya ya ce in ba shi guntuwar robar tayar keke daga wadda nake ɗaure itacen girki. Da hannuna na yanko masa ita. Ya naɗe maɓallin nan tam yadda kullum yana danne, ni kuma ina dariya na ce, "Bature ya yi abinsa, Bagobiri ya gyara." Mutumin Tibiri ne, kuma duk taurin kan da ake ba Gobirawa labari shi ya kwaso rabi. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɗora wa maza laifi na wanke kaina.

Farkon damina, hadari na biyu ya zo da iska ya karya wani babban reshen mangwaro a garkar kawunsa a Jiratawa. Da safe suka hau moto, wato babur, shi da Malam Laminu suka tafi. Suna cikin yanka, danƙon mangwaro da jiƙaƙƙiyar dusar katako suka cushe sarƙar, injin ya tsaya. To su da al'adarsu tun zamanin tsohon injin: a kashe shi, Malam Laminu ya riƙe mariƙi ya danne bakin zarton a kan gungume, shi kuma ya sa yatsu ya ƙwaƙule abin da ya maƙale. Tsohon injin idan ya yi shiru ya mutu ke nan, ko wa ya matsa kunamarsa ba abin da zai faru sai an ja igiya. Wannan sabon kuwa shirunsa ɗaya ne, ko a shirye yake ko ba a shirye ba, muddin batir na jikinsa. Baban Nafisa ya ce, "Riƙe mini." Malam Laminu ya damƙi mariƙin kamar yadda ya saba damƙa shekara ashirin, yatsansa ya sauka a kan kunama. Sabo turken wawa, in ji mutanen da.

Ina tsakar mulmula dawo da hantsi salulata ta yi ƙara. Kawun ne. Ya ce, "Ki taho likita, mutumin naki ya ɗan ji ciwo." Da na ji kalmar "ɗan" nan daga bakin dattijo, na san abin ba ƙarami ba ne. Ko hannu ban wanke ba na tare kabu-kabu.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don a cikinsa na ga abin godiya na ga abin haushi, kuma ban so a haɗa su wuri ɗaya a kan mutane. Na same shi zaune a benci, hannun naɗe da rawanin Malam Laminu, rawanin ya yi baƙi ƙirin. Ashe a can garkar, da jini ya ƙi tsayawa, sai suka yi abin da kafintoci ke yi wa ƙaramin yanka. Suka tsiyaya masa baƙin man da suke shafa wa sarƙa, suka cusa dusar katako a ciwon, suka ɗaure. Tun kafin azahar muke zaune har aka kira la'asar, don lokotoro, wato babban likitan da ke ɗinki, yana ɗakin aiki da wani. A tsakanin nan an aike ni farmasi sau uku, kowane zuwa da sabuwar takarda, safar hannu, zaren ɗinki, ruwan ƙari, allurar rigakafin sandarewar jiki. Me ya hana a rubuta mini su gaba ɗaya, har yau ban sani ba.

Amma akwai wata majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai gajeren haƙuri da baki, wadda ta kusa awa guda tana wanke ciwon nan tana tsince dusa ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki. Tana yi tana yi masa faɗa kamar ɗanta. Allah ya saka mata da alheri, ya sa ta gama da duniya lafiya.

Da lokotoro ya fito ya duba, ya faɗi maganar da har yau take kunnena. Ya ce, "Yankan bai ba ni tsoro ba. Abin da kuka zuba a ciki shi ya ba ni tsoro." Sarƙar ta bi ta cikin yatsu huɗu ta gefen tafi, babban yatsa kaɗai ya tsira. Jijiyoyin da ke lanƙwasa manuni da na tsakiya sun tsinke, ya ce zai ɗinke su. Ƙaramin yatsa kuwa fata ce kawai ta riƙe shi, zai gwada amma bai yi alkawari ba. Na tambaye shi ko zai ƙara riƙe kayan aiki. Ya ce mu fara ceton hannun tukuna.

Satin farko a asibiti muka yi shi. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, Allah ya ba su lada, kowa da langarsa kowa da maganinsa. Wannan ya ce zuma, wancan ya ce man kaɗe, wata ta ce a kwance ɗaurin a bar ciwo ya sha iska, wani kuma ya rantse akwai mai ɗori a bayan Tibiri wanda ya taɓa mayar wa mutum yatsa da ya faɗi ƙasa. Na yi ta cewa to, to, ina zuba magungunan a wata leda ƙarƙashin gado. A satin na sayar da tunkiyata, don allurar da aka rubuta masa sau uku ake yi a rana kuma ba ta da arha.

Malam Laminu kullum yana zuwa, amma bai taɓa shigowa ɗakin ba. Sai ya zauna gindin dogon yaron da ke bakin ƙofa tun safe, ya aiko da kunu ko ayaba. Idan na fita na gaishe shi sai ya sunkuyar da kai. Ran kwana huɗu Baban Nafisa ya ce in riƙe masa gorar ruwan ƙari, ya taka har gindin itacen. Ya ce masa, "Laminu, wa ya ce ka riƙe?"

"Kai."

"Wa ya ɗaure maɓalli da roba?"

Malam Laminu ya dubi ɗaurarren hannun.

"To mi kake yi nan waje kamar mai jiran gawa? Taho ka zauna ciki, akwai panka." Daga ranar ya riƙa shigowa, shi ke kama shi zuwa bayi.

Ran kwana shida zazzaɓi ya rufe shi. Da aka kwance ɗaurin, wani wari ya bugi hancina, ƙaramin yatsan ya yi baƙi kamar an tsoma shi a toka, bayan hannun ya kumbura yana sheƙi, ja ya fara hawa wuyan hannu. Lokotoro ya ciro biro daga aljihu, ya ja layi a fatar, kamar faɗin yatsa uku sama da inda jan ya tsaya. Ya ce dole a cire ƙaramin yatsan a sake wanke ciwon. Ya nuna layin ya ce, "In jan nan ya ƙetare nan, ba maganar yatsa za mu yi ba, maganar hannu ce." Na tsorata ƙwarai, na zauna a ƙasa.

A ranar Inna ta iso daga Tibiri, mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai ta faɗa wa wanda ke kusa ya isar. Shekara goma sha tara ni ce wannan masinjan. Ta zauna a bakin tabarma ta ba gadon baya, ta ji abin da ake ciki, ta ce, "Ke ɗiyar nan, ce mashi ya tashi. Na yi shatar mota tana waje. Ba a yanke mashi komi. Da biyat na haihe shi. Hannunka bai ruɓewa ka yanke ka yas."

Shi yana kwance idonsa a rufe, jikinsa na rawa. Na san ko da lafiyarsa ba zai iya musa wa Inna ba, balle yanzu. Ga takardar yarda da aiki tana jiran sa hannu. Tun da na shigo gidansu ban taɓa mayar wa Inna magana ba, ko ido ba na haɗawa da ita. Ranar na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ki yi mini aikin gafara. Ban hana ki tahiya da shi ba, ɗanki ne. Amma ki zo ki ga wani abu." Na kama hannunta na kai ta bakin gado, na nuna mata layin biro, na gaya mata abin da lokotoro ya ce. Na ce ta ba mu zuwa la'asar. Idan jan ya tsaya inda yake, ni da kaina zan sa shi a mota.

Ta koma tabarma. Muka yi azahar. Direban shata ya leƙo sau biyu. Da aka kira la'asar ta tashi da kanta ta je ta duba. Saura faɗin yatsa ɗaya jan ya taɓa layin. Sai ta juya wajen majo ta ce, "In an cire, a ba ni abina in kai Tibiri in rufe." Aka shiga da shi kafin magariba. Da safe ta tafi da ɗan ƙullin farin ƙyalle a bakin zanenta, ban iya kallonsa ba.

Kafin ta hau mota ta bar mini saƙo. "Ce mashi injin nan a jefa shi gulbi. In ya tashi, ƙanenshi na da rumhwar hatsi, ya je ya zamna yana awo. Sana'ar zarto ta ƙare."

Kwana biyu bayan aikin jan ya fara ja da baya, zazzaɓi ya sauka. Ranar da na ga fatar da ke ƙasan layin ta koma kalarta, na shiga bayan ɗaki na yi kukana ni kaɗai. Sati na uku aka sallame mu, hannun a ɗaure da wani abin tallafi daga yatsu har kusan gwiwar hannu, da umarnin kada ya motsa yatsun da kansa don kada ɗinkin jijiya ya tsinke. Duk bayan kwana biyu mu koma a wanke ciwo a sake ɗauri. Mu fita bayan sallar asuba mu kama layi, wani lokaci sai azahar muke dawowa, ranar dawona ya tafi ke nan. Akwai ranar da muka kai bakin ƙofa aka ce auduga ta ƙare, mu je mu sayo, da muka dawo aka ce mu koma bayan layi.

Jinyar gida ta fi ta asibiti wuya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ashe mazagin wando ma ba ya ɗaure shi. Ni ke masa wanka, ni ke zuba masa ruwan alwala. Ya ƙi cin abinci da hagu a gaban mutane, sai ya ce ya ƙoshi, sai kowa ya watse in ba shi a baki. Mutumin da ba ya iya zama minti biyar ba ya taɓa wani abu, ya koma yini guda a zaure yana kallon bango. Ya daina tsokanata, kuma wannan ya fi komai damuna.

Abu ɗaya kaɗai yake tunawa, batiransa. "Maman Nafisa, wutar kuran ta dawo, ki sa su caji." "Kar ki bar su ɗakin kwano, zahi na kashe su." "In sun cika ki cire." Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Wato jinya biyu zan yi, taka da ta abin da ya ci maka hannu?" A satin wani kafinta ya zo ya taya kayan gaba ɗaya, tayi mai kyau, mu kuwa a lokacin muna cikin matsi. Na fito da jakar na ajiye a zaure. Baban Nafisa bai hana ni ba. Ya dai ce a hankali, "In kin saida su, kin riga lokotoro yanke hukunci." Na ba mutumin haƙuri, na mayar da jakar ƙarƙashin gado.

Sati na bakwai aka cire abin tallafin. Ciwo ya warke sarai, amma yatsun uku sun sandare kamar busasshiyar kuɓewa, ko ƙwayar gyaɗa ba ya iya ɗauka. Aka tura mu wajen mai motsa gaɓoɓi, wanda ake kira kine. Allah da ikonsa sai ya zama Bazabarme, ga shi ya samu Bagobiri, abokin wasansu na gado, a hannu. Ranar farko ya dubi tsagar fuskar Baban Nafisa ya ce, "Alhamdu lillahi, yau bawana ya kawo kanshi." Ya kama manunin nan ya lanƙwasa, Baban Nafisa ya yi gumi sharkaf amma ya ƙi yin ko tari, don kada Bazabarme ya ji kukansa ya kai labari gida. Da wani ne daban, na tabbata da tun zuwa na biyu ya daina. Wasan nan nasu shi ya riƙe shi wata biyu, sau uku a sati.

Kine ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa a gida. Kwana uku ya jefar da ita, ya ce shi ba yaro ba ne. Ni kuma da safe ina fama da turmin dawo ni kaɗai, ga ciniki ya ja baya. Sai na ɗebo dawo mai ɗumi a ƙwarya na dire a gabansa, na kawo sabulu da ruwa na ce, "Wanke hannu. Tunda ka ƙi ƙwallon Bazabarme, ga tawa, ita aƙalla ana sayenta." Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya leƙa waje, ya ce in tura ƙofar zaure. Ya fara mulmulawa.

Na farkon da ya yi, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Wata mai fura ta ɗaga guda ta ce, "Maman Nafisa, yau lahiya dawonki ya yi ƙusurwa?" Na ce sabon yayi ne. Da na gaya wa kine, ya yi dariya har ya riƙe ciki, amma ya ce a ci gaba, ɗumin yana sassauta jijiya kuma taushin ya fi na roba. Kowace safiya ƙwarya guda, ƙofa a rufe. Cikin sati uku dawonsa ya fara yin kan gado, manuni ya fara taɓa babban yatsa. Ranar da ya ɗauki allurata daga kan tabarma ya miƙo mini, ya ce, "Ki daina yar da kaya a ƙasa," na san mijina ya fara dawowa.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Cikin wata na huɗu ya shiga shagonsa a ɓoye ya ɗauki guduma. Bugu biyu ta suɓuce ta faɗi. Ya gwada zarton hannu, ya kasa riƙe shi. Ashe ƙaramin yatsan nan da muke rainawa shi ke ƙulle damƙa. Na same shi zaune a kan bencin aiki, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Inna ta yi gaskiya. Ki aika wa ƙanena ya gyara mini wuri a rumhwa." Na zauna kusa da shi kawai.

Washegari ni na fesa wa kine, don Baban Nafisa ya ƙi faɗa. Kine ya tambayi irin kayan aikin da yake da su. Da ya ji akwai injin bis mai batir, ya ce a kawo masa shi, amma a bar batir a gida. Ya juya shi a hannu, ya auna nauyinsa, ya ce, "Wannan ai ba ya son damƙar guduma. Tafi da yatsa biyu sun riƙe shi, manuni ya matsa, hagu ta tallafa. Kai bawa, aikinka daga yau ka matsa kunamar nan sau ɗari da safe, sau ɗari da marece, ba batir." Haka gidanmu ya koma, ƙas, ƙas, ƙas, safe da yamma. Da farko da yatsa biyu yake haɗawa. Bayan sati uku manuni shi kaɗai ya iya kai ta ƙarshe.

A nan zan tsaya in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro. Injinan nan ba su da laifi, sun sauƙaƙa wa mazanmu wahala. Amma don Allah kafin hannu ya kusanci sarƙa ko baki, a zare batir a sa shi aljihu, kada a ce ai ya yi shiru. Duk wani maɓalli da ya dame ku, wanda ya ƙera shi ya san abin da ya gani, kada a ɗaure shi. Malam Laminu da kansa ya sa wuƙa ya yanke robar nan ya jefa a murhuna. In tsautsayi ya faɗa, tsumma mai tsabta a danne a nufi likita, ba baƙin mai, ba dusa, ba ƙasa. Lokotoro bai rantse ba, amma ya ce da ciwon ya zo masa da tsabta, wataƙila da yatsan ya kama. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Shi zarton mai sarƙa har yanzu Baban Nafisa bai koma riƙe shi ba, kuma kine ya ce kada ya yi gaggawa. Malam Laminu ke yanka, shi yana tsaye yana nuna inda za a sara.

Da kaka ta yi, aka aiko daga Tibiri cewa ƙofar ɗakin Inna ta ɓalle, ruwan damina ya cinye katakon da ke riƙe da ita, da dutse take tokare ta. Saƙon ya ce a turo mata wani kafinta, wani daban. Ran Juma'a da safe Baban Nafisa ya ce in shirya mu je gaishe ta. Na ga ya saɓa jaka, ban tambaye shi abin da ke ciki ba.

Muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa ta bakina kamar kullum. Ya tashi ya je ya duba ƙofar, ya fito da sabon guntun katako da injin, ya ciro batir daga aljihu ya danna shi. Inna ta ga abin. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, ba na ce a jefa shi gulbi ba?" Na ce, "Inna, wannan ba shi ba ne, ƙanensa ne, ba ya yanka." Ba ta yi dariya ba. Ta juya mana baya ta ci gaba da ɓara.

Ni na riƙe masa ƙofar. Bis na farko ya shiga a karkace, injin ya zame ya karci katako. Ya tsaya, ya share gumi, ya warware shi, ya sake saitawa, ya tallafa da hagu. Na biyu ya shige sumul har kai. Guda takwas ya ɗaura, yana hutawa tsakani, abin da a da zai gama kafin a dama fura ya ɗauke shi kusan awa. Na lura tun daga na uku ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya, amma Inna ba ta juyo ba.

Da ya gama ya buɗe ƙofar ya rufe sau biyu, ya zare batir ya mayar aljihu, ya koma gefe ya tsuguna. Inna ta tashi, ta kakkaɓe zanenta, ta je ta tura ƙofar, ta jawo ta, ta sake turawa. Ta shafa kan bis ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a wurin fuskarta na kallon katako, na ga ta kai bakin mayafi ga idonta. Sannan ta gyara murya, ba ta dube shi ba, ta ce da ni, "Ce mashi ta ɗakin girki ma ta lalace."